Cin Abinci a Gidajen Musulmi na Tsohuwar Delhi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya sauka Delhi, ko neman magani ya kawo shi, ko jinyar ɗan'uwa, ko karatu, ko sari, kafin ya kwana uku maganar abinci za ta taso. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: ina za a sami naman yanka, me ake kira wannan, me ya sa ciki ya ɓaci. Mun tattara su kan unguwar da aka fi tura baƙo Musulmi, wato kewayen Jama Masjid.

Wace unguwa ce wannan, kuma me ya sa kowa ke cewa a je can?

Tsohon birnin da sarki Shah Jahan ya gina ne, ana ce masa Shahjahanabad ko Purani Dilli. Babban masallacinsa, Jama Masjid, an kammala shi a 1656. Idan ka fito ta ƙofa ta 1, wadda take kudu, titin da ke gabanka shi ne Matia Mahal. Siririn titi ne, gidajen abinci hagu da dama, masu gashi a bakin hanya, babura da kekuna suna kutsawa cikin mutane. Mazauna wurin galibi Musulmi ne, mahautan ma haka. Gidan Karim's, wanda aka buɗe tun 1913, yana cikin wani lungu da ake kira Gali Kababian, taku kaɗan daga bakin titin; Al Jawahar kuma yana kan titin kansa.

Abincin wurin shi ake kira Mughlai: nama mai yawa, man shanu, albasa soyayya, kindirmo, da gurasar tanderu. Wanda ya saba da abincin Indiya na gidajen Legas ko Dubai zai ga bambanci, domin nan ba a cika zuba kirim da tumatir ba.

Yaya ake zuwa ba tare da an maƙale a hanya ba?

Jirgin Metro ya fi komai. Tashar Jama Masjid tana kan layin Violet, kuma layin ne ya bi ta Jasola Apollo, tashar da ke kusa da asibitin Apollo, saboda haka mai masauki a wancan gefen ba ya buƙatar canza jirgi. Wanda ya taso daga Gurugram, birnin da ke maƙwabtaka da Delhi, sai ya hau layin Yellow ya sauka Chawri Bazar, daga nan tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a ƙasa, ko a hau keke. Taragon farko na kowane jirgi na mata ne zalla. Namiji kada ya shiga. Jirgi na ƙarshe yana tashi wajen ƙarfe 11 na dare, sai a lura idan hira ta yi daɗi.

Tasi ba ya shiga Matia Mahal. Direba zai ajiye ka a bakin babban titi, sauran sai ƙafa. Idan keke za ka hau, a gama ciniki kafin a zauna. Waya da kuɗi su koma aljihun gaba.

Ta yaya zan tabbatar naman halal ne, tunda ban ga takarda a bango ba?

A Tsohuwar Delhi ba takarda ake dubawa ba, mai gidan da unguwar ake dubawa. Yawancin gidajen Matia Mahal ba su rataye wata shaidar halal ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsu. Mai gida Musulmi ne, mahaucinsa Musulmi ne, masu cin ma daga masallaci suka fito. Alamun da za ka gani su ne sunan gidan, rubutun Urdu da haruffan Larabci, hoton Ka'aba ko ayoyi a bango, da lambar 786 da Musulmin Indiya ke rubutawa a madadin Bismillah.

Inda tambaya ta zama dole shi ne da zarar ka bar unguwannin Musulmi. A Connaught Place, cibiyar kasuwanci ta sabuwar Delhi, ko manyan kantuna, ko otal, ka ce wa ma'aikacin: "Halal hai ya jhatka?" Kada ka ce "Halal hai?" kawai, domin wani zai kaɗa kai don ya faranta maka. Idan ya tsaya inda-inda, ko ya ce bari ya tambayo sannan ya dawo da murmushi ba amsa, ka koma kan kifi, ƙwai ko ganye. Ban da Jama Masjid, unguwannin da hankali ke kwanciya sun haɗa da Nizamuddin, Zakir Nagar da Shaheen Bagh. Biyun ƙarshe suna yankin Okhla, kusa da masu jinya a Jasola.

Mene ne jhatka?

Sare kan dabba ne da sara ɗaya. Shi mabiya addinin Sikh suke ci, don addininsu ya hana su naman da aka yanka irin yankan Musulmi, wasu Hindu ma shi suka fi so. Ga Musulmi mushe ne. Babbar mayankar birnin da ke Ghazipur tana da ɓangaren halal daban, na jhatka daban, saboda haka duka biyun suna yawo a kasuwa, kuma idan an dafa ba a bambance su da ido. Gidajen 'yan Punjab su ne aka fi samun jhatka.

Naman alade kuwa ba ya cikin girkin arewacin Indiya na yau da kullum, amma yana nan a gidajen 'yan Tibet na Majnu ka Tilla da na mutanen arewa maso gabas a Humayunpur. Ɗalibai su kula da wannan, musamman wajen sayen momo, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki da ake turarawa.

Naman wace dabba ake kawowa? Na ga an rubuta mutton.

A Indiya mutton naman akuya ne a mafi yawan lokuta, ba na rago ba. Kaza ita ce murgh, kifi machhli, nama gaba ɗaya gosht. Dokar Delhi ta 1994 ta hana yanka saniya da sa da maraƙi, ta kuma hana sayar da namansu. Abin da ake ci a madadinsa naman ɓauna ne, irin baƙar ɓaunar gida da suke tatsa. A takardar abinci za ka ga buff, a baki kuma ana cewa "bade ka", wato na babba. Halal ne, ya fi na akuya araha, ya fi na sa duhu da kaushi, shi ya sa ake daɗe ana dafa shi ko a niƙa shi a yi kabab.

Maganar saniya ba abin wasa ba ce a ƙasar. Kada ka tsaya cikin jama'a kana tambayar inda ake sayar da naman sa, kuma guzurin kilishi gara a bar shi gida.

Idan ban sami gidan Musulmi ba fa?

Nemi gidan da aka rubuta Pure Veg ko Shakahari. Ba nama, ba kifi, yawanci ko ƙwai babu, don haka maganar yanka ba ta taso ba. A kan kayan gwangwani da na leda, ɗigon kore cikin murabba'i yana nufin babu nama ko ƙwai. Alama mai ruwan ƙasa, da'ira ko mai kusurwa uku, tana nufin akwai. Wannan alamar ba ta ce halal ba, ta ce akwai dabba kawai. Abin da za a kauce wa shi ne prasad, alewa ko abincin da aka gabatar a wurin bauta sannan ake rabawa.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Ya danganta da abin da kake son ci. Nihari da paya, miyar nama da farfesun ƙafa, abincin safe ne, ana buɗe tukunya bayan Asuba, kuma a gidajen da suka yi suna kan ƙare kafin hantsi ya yi nisa. Wasu suna sake buɗe wata tukunyar da yamma. Kabab da kaza gasasshiya sai bayan Magariba gawayi yake kamawa sosai. Daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, musamman Asabar da Lahadi, sai an yi layi. Mai tafe da tsoho ko yara ya je tsakanin Azahar da La'asar, ko ya shiga da zarar an idar da Magariba.

Ranar Juma'a shaguna da yawa suna rufewa lokacin sallah, titin kuma ya cika maƙil bayan an sallame. A watan azumi abin yana juyewa: rana shiru, daga buɗe-baki har sahur ba masaka tsinke. A watannin Mayu da Yuni zafi yana haura digiri 40, zuwan rana wahala ce. Daga Nuwamba zuwa Janairu kuma ga sanyi ga hayaƙi, mai ciwon asma ya riƙe takunkumi.

Mene ne bambancin nihari, korma da ishtu? Duk ja nake ganinsu.

Nihari naman ƙwauri ne, na ɓauna ko akuya, da ake barin sa kan wuta marar ƙarfi dare guda har ya narke, a kaɗa garin alkama a romon ya yi kauri. Ana kawo shi da mai ja yana yawo a sama, a watsa citta yankakkiya da ɗanyen barkono, a matsa lemun tsami. Idan ka ce nalli nihari za a ƙara ɓargo, idan ka ce maghaz ko bheja za a ƙara ƙwaƙwalwa. Yana da nauyi ƙwarai. Wanda ya ci shi da safe ba ya neman abincin rana. Paya farfesun ƙafa ne, romonsa ya fi tsinkewa kuma yana danƙo a leɓe.

Korma ana yin sa da kindirmo da albasar da aka soya ta yi ja aka murƙushe, da man shanu, kanumfari, kirfa da elaichi, wato cardamom, a ƙarshe a ɗiga ruwan ƙamshi na kewra. Ƙamshi ya fi yawa a cikinsa, ba zafin barkono ba. Ishtu kuwa albasa ce mai yawa da aka dafa da nama har ta narke, kayan ƙamshin a ɗunƙule ba a daka ba, barkonon ma busasshe ne guda-guda da za ka iya turewa gefe. A ganinmu baƙon da ya zo karon farko ya fara da ishtu ko korma, ya bar nihari sai cikinsa ya saba da garin.

Sauran kalmomin da za ka ci karo da su: keema niƙaƙƙen nama, kaleji hanta, gurda ƙoda, seekh kabab niƙaƙƙen nama da aka manna a tsinken ƙarfe aka gasa, burra haƙarƙarin akuya gasasshe, dal miyar ƙananan wake, bhindi kuɓewa, palak alayyafo, paneer cuku marar gishiri.

Shinkafa zan ce a kawo ko gurasa?

Mutanen unguwar da gurasa suke cin miya. Khameeri roti ita ce ta asali: ƙullin alkama mai yisti, mai kauri da laushi, ana manna ta a cikin tanderu kamar yadda ake gasa gurasa a Kano, kuma tana shan romo yadda ya kamata. Rumali roti siririya ce ƙwarai, da kabab ake cin ta, kuma da ta huce sai ta yi tauri. Sheermal tana da zaƙi da madara da man shanu, ta dace da korma. Kada ka yi odar gurasa da yawa lokaci guda; ka ce a kawo ɗaya-ɗaya ga kowa, a riƙa ƙarowa da zafinta.

Biryani abinci ne mai zaman kansa, da namansa a ciki, ba a zuba masa miya. Abokin cinsa raita ne, kindirmo da aka dama da albasa ko kokwamba. A kan titi ana auna shi da sikeli. Mai son farar shinkafa da miya ya ce "sada chawal", amma ba kowane gida ke ajiye ta ba.

Yajin zai fi ƙarfina?

Wanda ya tashi da attaruhu ba barkonon Delhi ne zai kayar da shi ba. Abin da ke ba baƙo wuya shi ne yawan mai da haɗin kayan ƙamshi, wanda ke taso wa mutum da ƙwannafi cikin dare. "Mirch kam" na nufin a rage barkono, "tel kam" a rage mai. Sai dai a sani, korma da nihari da ishtu an riga an dafa su a manyan tukwane tun ɗazu, ba abin da za a iya cirewa. Iyaka mai zubawa ya kauce wa man da ke sama. Abin da ake iya gyara maka shi ne wanda ake yi nan take, irin gashi da karahi, naman da ake soyawa da miya a kasko mai zurfi. Idan baki ya ɗau zafi, raita ko lassi, damammen kindirmo na sha, ke kashe shi, ruwa ba ya yi.

Mu huɗu ne. Me za mu ce a kawo?

Akasarin miya ana sayar da ita rabi ko cikakken faranti, kaza kuma kwata, rabi ko guda. Ga mutum huɗu masu cin kirki: seekh kabab takwas ko rabin kaza gasasshiya a fara da su, cikakken korma ɗaya, rabin ishtu, dal ɗaya, khameeri roti huɗu da niyyar ƙari, da biryani faranti ɗaya a raba. Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya zaɓi miyarsa cikakkiya. Tebur ya cika, rabi ya koma. Ka tambayi yanka nawa ne a faranti, domin rabin farantin akuya sau da yawa yanka biyu ne kacal.

A lura da sunan butter chicken. A sauran gari miya ce ta tumatir da kirim mai ɗan zaƙi. A Matia Mahal wasu gidajen kaza ce gasasshiya da aka kwarara mata narkakken bota da kindirmo a kwanon ƙarfe. Duba kwanon maƙwabcinka kafin ka ce a kawo.

Me ke ɓata wa baƙi ciki, kuma yaya za a kiyaye?

Ba naman da ya fito daga wuta ba ne yawanci. Ruwa ne da abin da ruwa ya taɓa bai dahu ba: ruwan jug da ake ajiyewa a tebur, ƙanƙarar cikin sharbat, koren chutney, wato miyar dangwale ta na'a-na'a da aka niƙa da ruwan famfo, yankakkiyar albasa da kokwamba da suka daɗe a buɗe. Ka sayi ruwan gora, ka buɗe murfin da hannunka ka ji ƙarar ɓallewarsa. Kabab a gasa shi a gabanka. Wanda aka tara a gefe ana ɗumamawa a bar shi. Gidan da layi ya fi tsawo tukunyarsa ba ta kwana.

Idan gudawa ta kama mutum, kowane kantin magani yana da garin ORS. A dama shi da ruwan gora daidai adadin da aka rubuta a jikin ledar. Jini a bayan gida, zazzaɓi, ko amai da ya hana shan ruwa, wannan na asibiti ne.

Mara lafiyar da muka kawo zai iya ci?

Likitansa ne mai magana ta ƙarshe, kuma asibitoci suna da masu tsara abinci. A nemi su rubuta abin da aka yarda. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta, ko yake karɓar maganin daji, garkuwar jikinsa a raunane take, bai kamata a kai shi cikin wannan cunkoso ba, balle ya ci na titi. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su sani gishirin miyan tukunya ba ya raguwa, kamar yadda aka yi bayani a amsar yaji. Mai ciwon suga ya guji sheermal, lassi da shayi, don shayin Indiya da sukarinsa ake dafa shi. Sai ka ce "bina cheeni" kafin a ɗora. Wanda jikinsa ba ya karɓar yazawa ko almon ya tambaya kafin ya taɓa farar miya, domin da su ake kaurara ta, kaju da badam ake ce musu.

Akwai wurin zaman mata da iyali?

Manyan gidajen suna da ɗakin iyali, galibi a bene, da na'urar sanyaya ɗaki. Matakalar kan zama siririya mai tsayi, mai ciwon gwiwa ya nemi tebur a ƙasa. Idan wuri ya cika za a iya haɗa ku tebur da baƙi, ba raini ba ne, kuma da kun gama za a kawo takardar kuɗi don masu jira. Mace da hijabi ko niƙabi ba baƙuwa ba ce a wannan titi. Baƙar fata dai za a kalle shi, wasu su nemi ɗaukar hoto. Sallama tana sauƙaƙa abubuwa da yawa. Ma'aikaci ana kiransa "bhai", dattijo "chacha". Da hannu ake ci, akwai famfon wanke hannu a gefe, kuma ɗan kwanon ruwan ɗumi da lemun tsami da wasu gidaje ke kawowa a ƙarshe na wanke yatsu ne. Banɗaki ne matsalar. Ƙananan gidaje ba su da shi.

Idan sallah ta riske mu?

Jama Masjid na nan a bakin titi, da wurin alwala a tsakiyar farfajiya, mata ma suna sallah a ciki. Ƙananan masallatan lunguna da yawa ba su da ɓangaren mata. Musulmin Delhi Hanafawa ne, La'asarsu tana yin baya da wadda Malikawa suka saba, don haka kada ka yi mamakin jin shiru alhali agogon wayarka ya kira. Takalmi a riƙe a leda ko a ba mai tsaro.

Da me ake rufe ciki?

Phirni kunun niƙaƙƙiyar shinkafa ne da madara, ana kawo shi da sanyi a ƙaramin kaskon ƙasa. Shahi tukda burodi ne da aka soya a man shanu aka jiƙa da ruwan sukari da madara mai kauri; faranti ɗaya ya ishi mutum biyu. Jan sharbat ɗin da ake gani ko'ina Rooh Afza ne na kamfanin Hamdard, wanda aka fara haɗa shi a wannan tsohon birni. Wasu suna zuba shi a madara da yankakkiyar kankana. Maganar ƙanƙara tana cikin amsar da aka bayar kan ɓacin ciki. Gidajen Musulmi na unguwar ba sa sayar da giya.

Yaya ake biya, kuma me ake ƙarawa a kan farashi?

Riƙe tsabar rupi, da canji na 100 da 50. 'Yan ƙasa da waya suke biya ta UPI, wanda yawanci sai mai asusun banki a Indiya. Manyan gidaje suna karɓar kati, amma kada ka dogara da katin gida. Takardar 500 ita ce babba da ke yawo. An janye ta 2000 a 2023, tsofaffin 500 da 1000 kuma an soke su tun Nuwamban 2016, saboda haka idan wani ya ba ka ragowar kuɗin tsohuwar tafiya ka duba su.

A gidan abinci na gama-gari harajin GST kashi 5 cikin ɗari ne, ana rubuta shi gida biyu, 2.5 da 2.5, abincin rupi 1,000 zai zama 1,050. Kuɗin hidima da wasu ke liƙawa a ƙasa ba dole ba ne: hukumar kare masu saye ta faɗi haka a 2022, babbar kotun Delhi ta tabbatar a 2025, kana iya cewa a cire. Ihsani ga ma'aikaci kuwa ganin dama ne, ana barin canji ko abin da bai wuce kashi 10 ba. Ƙidaya gurasar da aka rubuta, nan ne lissafi ya fi kuskurewa.

Za a iya ƙunshe mana mu tafi da shi masauki?

Ka ce "pack kar do". Miya ana ɗaure ta a leda ko roba, gurasa a takarda. Korma, nihari da biryani suna jure tafiya, a tafasa miyar sosai kafin a ci. Kabab da rumali roti ba sa jurewa. A lokacin zafi kada abinci ya wuce awa biyu a waje kafin ya shiga firij, musamman shinkafa. Manhajojin Zomato da Swiggy suna kai abinci har ƙofa idan kana da layin wayar Indiya, amma sunaye masu kama da na shahararrun gidaje sun yi yawa a manhajar, kuma ba ta nuna wane ne mai gidan. Duba adireshin reshen, idan ba a unguwar da ka sani yake ba ka kira su ka yi tambayar halal ko jhatka kafin ka biya.